Rakiya har Gonin Gora

Kwanan baya wasu matasa huɗu da ke karatun aikin ba da shawara suka zo gaishe ni, wai an ce musu akwai wani tsoho a Makera da ya yi wannan sana'a tun kafin a haife su. Bayan mun gaisa, wata yarinya mai tabarau a cikinsu ta ce, "Baba, gaskiya naku zamanin ya fi sauƙi. Kujera biyu kawai, mutum ya yi ta magana, kai kuma ka yi ta gyaɗa kai." Sauran suka yi dariya, na taya su, domin ni ma haka na ɗauka ranar da na fara. Abin da na faɗa musu shi zan rubuta a nan, har da wuraren da na ɓata, waɗanda suka fi na gyaran yawa.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama, na shiga masaƙa a Kakuri, na yi shekara goma sha ɗaya a sashen saƙa. Sunana Tanimu, amma a can da Rediyo aka san ni, domin ko ƙarar injuna ba ta hana ni surutu. A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin aka fara rage ma'aikata, sunana ya fito a sahun farko. Na zauna a gida, kaina ya riƙa ciwo, abinci ya daina shiga. Mai kyamis na unguwarmu ya gaji da ganina, ya ce, "Rediyo, batirinka ne ya yi sanyi, ba kanka ba. Je ka ga Sista Rifkatu a bayan kasuwa."

Sista Rifkatu mutuniyar Filato ce. Ta daɗe tana aikin nas a asibitin gwamnati, a ɓangaren masu damuwa da taɓin hankali, da ta yi ritaya sai ta buɗe wuri nata na kanta, ta rubuta "Ɗakin Shawara" a allo. Mutanen unguwa na cewa wurin mahaukata ne, don haka ta lungu na bi. Ina zama na naɗe hannun riga ina jiran allura.

Ta ce, "Malam, sauke hannun rigarka. Nan ba allura, ba ƙwaya. Magana muke yi."

Na ce a raina, yau an zo wurin. Na yi awa guda ina zuba: tsadar shinkafa, muguntar fomanmu, ƙwallon ƙafa. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da lokaci ya cika ta tashi ta rako ni, tana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa, har kwalbatin bakin titi. A nan na ji bakina yana faɗa mata cewa har yau ban sanar da mahaifina a ƙauye an sallame ni ba, kuma duk wanda ya zo daga gida sai ya kawo gaisuwarsa ga "ma'aikaci". Ta tsaya, muka yi maganar a tsaye. Ran nan na ci tuwo malmala biyu.

Na yi wata uku ina zuwa duk Talata. Rannan ta ce, "Malam Tanimu, mazan nan naku, musamman dattawa, ba sa iya buɗe ciki a gaban mace. Ina neman namiji da zan koya wa aikin. Mutane na sake jiki da kai. Matsalarka ɗaya ce."

Na ce, "Ƙarancin karatu?"

Ta ce, "A'a. Yawan baki."

Kayan aikinmu, idan kun gan su, za ku raina. Kujeru biyu ne, amma ba a ajiye su suna fuskantar juna, sai a karkace, domin mutumin nan namu ba ya iya faɗin abin kunya ana kallon ƙwayar idonsa. Akwai tabarma ga wanda kujera ke takura wa, da randa da moɗa, da buta saboda masu salla, da hankici wankakke a aljihun tebur. Agogon bango yana bayan mai magana, don kada ya riƙa ƙirga mintocinsa. A taga akwai rediyo na gaske da ake kunnawa ƙasa-ƙasa, saboda matan da ke tallar ƙosai a waje kada su ji abin da ba nasu ba. Akwai littafi da ba a rubuta sunan kowa a ciki, sai lamba. Wanda ciwonsa ya wuce magana, Sista ta kan rubuta masa takarda zuwa asibiti a ranar, ba ta wasa da wannan.

Sai kuma goro. Wannan nawa ne ni kaɗai. Ranar da na fara zama da mutum, Sista tana gefe tana saurare, na katse shi sau tara, ita ta ƙirga. Washegari ta miƙo mini goro fari babba ta ce, "Da zarar ka ji wa'azi ya taso maka, ka gatsa. Kafin ka gama taunawa, shi ya faɗi abin da ya kawo shi." Watan farko haƙorana suka yi ja kamar na tsohon dillali.

Aikin da na fara yi ni kaɗai na wani akawu ne ɗan Binuwai da ke zaune a Romi, wanda aka kira intabiyu na ƙarin girma har sau biyu, kowane karo muryarsa ta ɗauke. Sista ta ce mu yi gwaji: ni ne oga, shi ya shigo ya amsa tambayoyi. Na ari tabarau, na ɗaure fuska, na yi ta daka masa tsawa da Turancin masaƙa har gumi ya jiƙa masa kwala. Sista ta leƙo ta ce, "Malam Tanimu, koya masa aka ce ka yi, ba ramuwar abin da foman ya yi maka ba." Na sassauta. Muka riƙa yi daki-daki: yadda zai ƙwanƙwasa ƙofa, inda zai ajiye hannuwansa, yadda zai ja numfashi kafin ya amsa. Karo na uku ya samu. Ya zo da doya uku a bayan keke yana kirana oga, sunan da ya bi ni har ya bar garin.

Wannan nasara ita ta fara lalata ni. Na ɗauka na iya.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda masaƙu suka yi ta sallamar mutane rukuni-rukuni, ga layin sabulu da madara, ga komai ya yi tsada. Bencinmu na waje ya cika da magidanta, kowa ya sunkuyar da kai kamar ba ya ganin na kusa da shi. Sista ta raba ɗakin biyu da katako, ta ba ni ɓangare. Ta kafa mini doka tun farko cewa duk wanda ya zo, in raka shi har kwalbati. Ni kuwa na ɗauki rakiya ladabi ne kawai irin na gida, wanda ake yi idan akwai sarari. Da aiki ya yi yawa sai na rage ta zuwa bakin ƙofa. Daga baya ko tashi ba na yi, daga kujera nake cewa, "A gaida gida." Na ma daina sayen goro.

A cikin wannan hali Malam Sale ya zo. Ba sunansa ba ne na gaskiya, kuma shi da bakinsa ya yarje mini in ba da labarin. Direban tifa ne daga Tudun Wada, can ƙetaren gada, ya girme ni da kusan shekara goma, ya yi shekara ashirin yana tuƙi, yana ɗaukar yashi zuwa hanyar Abuja a motar wani Alhaji. Ƙato ne, hannunsa kamar faranti. Na tambayi gida, lafiya lau. Iyali, lafiya lau. Aiki, da godiya. Sai dai bayansa ne ke ciwo, in ji shi, sati biyar bai hau mota ba, asibiti sun duba ba su ga komai ba. Alhaji ya yi haƙuri iyakar yi, amma ya ce idan wata ya ƙare bai koma ba, zai miƙa makulli ga wani. A shekarar nan kuwa, wanda ya saki makulli ba ya sake ganin wani.

Sau uku ya zo, sau uku na yi masa lacca. Na ce ya riƙa kwana a tabarma. Na ce namiji ba ya langaɓewa. Na kawo masa misalin kaina, yadda na tashi bayan sallama, na ƙara gishiri. Shi dai "Haka ne, Malam" kawai yake cewa. Zuwa na uku, ya tashi, ya sa takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ya tsaya da ɗayan a hannu.

Ya ce, "Af, Malam Tanimu..."

Na dubi agogo, na dubi benci, na ce, "Malam Sale, riƙe ta sai Talata, akwai masu jira. A gaida gida."

Ya sa ɗaya takalmin ya tafi. Talata ta zo, bai zo ba.

Sista tana duba littafi ta ga lambarsa babu komai a gabanta. Ta ce, "Ina direbanka?"

Na ce, "Wataƙila bayan ya warke."

"Me ya ce maka a kwalbati?"

Na fara kame-kame.

Ta cire tabarau ta ce, "Ba ka raka shi ba."

Na faɗa mata yadda aka yi, har da takalmin da "af" ɗin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Tanimu, kai Bahaushe ne, ni ce zan koya maka mutanenka? Baƙo ya zo gidanku, ya sha ruwa, ya ci abinci, ya yi hira tun hantsi har la'asar, duk lafiya lau. Yaushe yake faɗin abin da ya kawo shi?"

Na ce, "Sai an rako shi."

"To kai, naka fa, a ina ka faɗa mini? A kujera?"

Sai a lokacin na gane cewa Sista ba ta da ciwon ƙafa. Shekara biyu ina ganin tana jan ƙafa zuwa kwalbati, ina tausaya mata.

Ta ce, "Awa gudan nan na cikin ɗaki shimfiɗa ce. A hanya ba a kallon juna, kuma mutum ya san idan ya faɗa zai iya juyawa ya tafi. Mutumin nan ya ɗauko maganarsa tun daga ƙetaren gada har sau uku, ka ce ya mayar. Kwana nawa ya rage masa?"

Na ce, "Sha biyu."

Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko goro. Ashe ta lura.

Zuwa gidan wanda ya taɓa zuwa wurinmu ba ƙaramin abu ba ne, domin kana iya tona masa asiri da ƙafarka kawai. Na ƙetare gada da hantsi, na same shi a ƙofar gida cikin majalisa, ana ta gardamar ƙwallo. Na yi sallama a matsayin aboki da ya biyo hanya. Ya gabatar da ni da cewa tsohon ma'aikacin masaƙa ne, wanda kuma gaskiya ne. Aka kawo ruwa. Gardamar nan ta yi daɗi, ga ni da abin cewa cike da baki, na gatsa goro na haɗiye. Bayan ɗan lokaci na ce zan koma. Ya tashi ya ce, "Bari in taka maka."

Muka kama hanya. Na ce masa, "Malam Sale, na yi maka laifi ranar nan. Ka yafe ni." Ban ƙara ko kalma ba. Muka wuce masu faci, muka wuce injin niƙa, har bakin titi inda ake shiga bas. Bas ta zo, kwandasta na ta kiran Kakuri, na bar ta ta wuce.

Yana kallon kwalta ya ce, "Ba baya ba ne."

Na gatsa goro.

Ya ce, "Birki ne ya tsinke mini a Gonin Gora, da lodi. Wurin matan nan masu doya a bakin hanya. Na murɗe sitiyari na hau kan rumfar wata mata. Akwai 'yarta a zaune tana cin rake. Tsakaninta da taya..." Ya nuna mini tafin hannunsa. "Ba wanda ya ji ciwo. Kowa na cewa in gode wa Allah, na kuma gode. An gyara mota, an gyara rumfa. Amma da na kama sitiyari sai hannun nan ya riƙa rawa kamar na tsoho. Wa zan faɗa wa? Alhaji? Direbobi su mayar da ni abin dariya a gareji?"

Wa'azi ya taso mini har maƙogwaro. Na tauna. Da na ga maganar ba ta ƙare ba kuma mutane sun fara taruwa a wurin, na ce, "Mu je in taka maka." Na raka shi har kusa da gida, yana ta magana. Da muka isa ya ce ai ba a barin baƙo ya koma shi kaɗai, ya sake rako ni. Na sake mayar da shi. A karo na uku mai facin nan ya ɗago kai ya ce, "Bayin Allah, wai cikinku wane ne baƙon?" Malam Sale ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ran nan.

Sauran aikin Sista ce ta tsara, ni na aiwatar, kuma ku matasa ku lura da yadda aka yanka shi ƙanana. Ta fara zama da shi da kanta, ta faɗa masa cewa ta ga irin wannan rawar hannu a wurin sojoji da direbobin jirgin ƙasa, ba hauka ba ce, ba kuma ragwanci ba. Ta koya masa jan numfashi yana ƙirgawa. Sannan ta ce shi zai zaɓi abin da zai faɗa wa Alhaji. Ya je ya ce yana so ya gwada jikinsa a hankali kafin wata ya cika, Alhaji ya ba shi makulli da sharaɗin ba lodi. Kwana biyu na farko zama kawai muka yi a cikin tifa a gareji, injin a kashe, hannunsa a kan sitiyari har rawar ta gaji ta lafa. Wani bakanike ya leƙo ya ce, "Sale, sabuwar mota ce mai tafiya ba mai?" Malam Sale ya ce, "Gidanku za mu, shi ya sa ba ma sauri." Kwana na uku ya tayar da injin. Na huɗu muka je wani fili a Romi, ya yi ta zagaye a giya ɗaya, yana taka birki, yana saki, yana takawa, don ƙafarsa ta sake yarda da shi. Rana ta shida ya kasa, ya sauka ya zauna a ƙasa ya ce a bar maganar. Nan ma na so in yi lacca. Maimakon haka na zauna kusa da shi, na ɓare goro na ba shi rabi. Washegari ya riga ni zuwa.

Ana saura kwana ɗaya wata ya cika ya ce, "Yau Gonin Gora." Ba ni na ce ba, ku riƙe wannan. Muka hau titi bayan azahar, ina gefensa. Yana tafiya a hankali har masu keke na yi mana kallon raini. Da rumfunan doya suka bayyana daga nesa, na ga gumi na bin wuyansa, na ji yana ƙirga numfashi a fili. Ya sauka gefen hanya, ya taka birki, mota ta tsaya cak, daidai inda ya so.

Matar nan mai rumfar, Mama Talatu, ta taso tana tafa hannu. "Direba! Kai ne? Mun ce ko ka samu kuɗi ka tafi Makka ba sallama!"

Ya sauka ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce, "Mama, ina yarinyar?"

Ta ce, "Tana makaranta. Kullum sai ta ba 'yan ajinsu labari wai tifa ta zo cin rakenta. Kai dai ka dawo, waɗannan sababbin direbobin ko hon ba sa yi mana, balle su sayi doya."

Ya tsaya yana kallon sabuwar rumfar, ya daɗe. Sannan ya sayi doya biyu, ya ba ni ɗaya. A dawowa ya sa giya huɗu, har ya wuce wata bas yana yi mata tsiya.

Ya sauke ni a mahaɗar Makera. Na sa ƙafa ɗaya a ƙasa ke nan sai na ji ya ce, "Af, Malam Tanimu..."

Na mayar da ƙafata cikin mota, na rufe ƙofa, na lalubi aljihu ina neman goro, na jira.

Ya dube ni ya ce, "Ba komai. Gwada ka na yi."

Ya riƙe makullin nan shekara goma sha huɗu bayan haka. Duk sanda ya bi ta gaban Ɗakin Shawara sai ya danna hon sau biyu, Sista ta ce, "Ga malaminka can yana gaishe ka." Ban daina kuskure ba, kada ku ɗauka na zama waliyyi. Na ci gaba da katse mutane jefi-jefi, na taɓa yin gyangyaɗi wani dattijo na ba ni labarin gadonsu, Allah ya yafe mini. Amma ban sake ce wa kowa "a gaida gida" daga kujera ba.

Da na gama ba matasan nan labari, suka yi godiya suka tashi. Suka ce in zauna, ƙafata ba ta da ƙarfi, wanda yanzu kam gaskiya ne. Na ce a'a, na ɗauki sandata. Samarin uku suka yi gaba suna duba wayoyinsu. Yarinyar mai tabarau ta rage sauri tana tafiya daidai da ni har muka kusa bakin titi. Can ta tsaya, tana gyara igiyar jakarta, idonta a ƙasa.

Ta ce, "Af, Baba..."

Na sa hannu a aljihu. Haƙoran sun ƙare, amma goron yana nan.